Auta da Baƙin Allo

Tsohuwar kwamfutar gidan su Auta ta gaji. In aka kunna ta, sai mutum ya yi wanka ya dawo ba ta gama buɗewa ba. Amma Mama tana ji da ita. A ciki take ajiye hotunan duk ɗinkin da ta taɓa yi, don masu kawo aiki su zaɓa.

Rannan a aji, Malamar kwamfuta ta ce akwai wata babbar manhaja mai suna Linux. Kyauta ce, kuma tana farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci.

"Sai dai iri-iri ce," in ji Malama. "Akwai ta 'yan koyo, akwai ta gwanaye. Kada kowa ya saka sai ya tambaye ni."

Auta ta dubi sunayen da ke kan allo. Sun fi ashirin. Kanta ya ɗaure. Sai ta taɓa yaron da ke gefenta, wanda ake kira Farfesa saboda iya baki.

"Wacce ta fi kyau?"

"Duka," in ji Farfesa.

"To wacce zan saka?"

"Waccan ta jarirai ce. Wannan kuma nauyi gare ta. In kin isa, saka ta gwanaye, irin tawa."

Auta kuwa ba ta son raini. Ta karɓi filashinsa, ɗan abin da ake sokawa a kwamfuta, wanda manhajar ke ciki.

Ranar Asabar ta soka filashin a kwamfuta. Tambayoyi suka yi ta fitowa. Ba ta gane ko ɗaya ba, amma ta yi ta danna "e". Can sai allo ya yi baƙi ƙirin. Babu hoto, babu komai, sai wani ɗan farin layi yana ƙiftawa.

Ana haka Mama ta shigo da wata baƙuwa mai son ɗinki.

"Auta, buɗe mana hotunan riguna."

Auta ta danna nan, ta danna can. Allon bai canza ba.

"Mama, na yi ɓarna. Ban ma san me na yi ba."

Baƙuwar ta gaji da jira, ta tafi da yadinta. Mama ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce, "Aikin shekara bakwai ne a ciki." Wannan magana ta fi duka zafi. Auta ta yi kuka har ta gode Allah.

Ranar Litinin Mama ta raka ta wurin Malama da kwamfutar. Aka kira Farfesa. Ya sosa ƙeya ya ce shi ma bai taɓa sakawa ba, filashin na yayansa ne.

Malama ta duba ta ce, "Kin amsa cewa a goge komai. Bari in gwada nemo su."

Ta daɗe tana aiki. Sai ga hotuna suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Kaɗan ne suka ɓace. Malama ta kwafe su a wani wuri. Sannan ta nuna musu yadda ake gwada manhaja daga filashi ba tare da an saka ta ba. Suka gwada guda uku. Mama ta zaɓi wadda ta fi sauƙin gani.

"Wadda ta dace da kai ita ce ta fi kyau," in ji Malama. "Da rarrafe yaro kan tashi."

Auta ta ce, "Mama, ki yafe mini. Ba zan ƙara danna abin da ban gane ba. Zan tambaya."

Mama ta dafa kanta ta ce, "Na yafe. Gobe zan kira baƙuwata ta dawo, ke za ki nuna mata hotunan."