Mita Tara Daga Waje

Awon benci kawai ya kai ni Tirwun, can bayan gari, ranar. Kafinta ya matsa in turo masa tsawon ajin farko, don ran Litinin za a buɗe makaranta. Na ɗauki tef ɗin awo, na hau babur, rana ta yi ja.

Makarantar ta Yaya Khairat ce. Shekara goma sha ɗaya tana koyar da yara a zauren gidanta a Ƙofar Wambai, har wasu suna zama a bakin kwata. Ni kuwa shekara takwas ina yawo tsakanin Legas da Fatakwal ina zanen gine-gine, ban taɓa cika shekara a ofis ɗaya ba. Da na dawo ta ce, "Auta, kafin ƙafarka ta sake ƙaiƙayi, zana min makaranta." Na zana. Ajujuwa huɗu a jere, kowanne mita tara.

Magininmu Baba Elisha ne, dattijon da ya gina coci-coci da masallatai tun ban iya tafiya ba. Wata rana na tarar ya bar tsaga a bangon gabas na ajin farko, daga ƙasa zuwa gwiwa. Wata kuma daidai saitinta a bangon yamma.

"Baba, wannan fa? Babu ita a zane."

"Zanenka bai san filin nan ba, Injiniya. Hanya ce. Da magariba masu ita suke bi, su shiga ta gabas su fita ta yamma. Ko cocin da na gina can baya na bar musu. Fasto ya yi faɗansa ya gaji."

"Wato mu buɗe wa macizai ƙofa su shiga cikin yara?"

Ya girgiza kai. "In ka dage, a toshe da hantsi, ta gabas tukuna. Ban da magariba, Mahfuz."

Da ya tafi jana'iza ƙauyensu, na sa leburori suka toshe. Sai da suka gama sauran aiki suka zo kansu, ana dab da kiran salla. Ta yamma suka fara, don nan siminti yake kusa.

Kwana tara ke nan da yin haka.

Na jingine babur a gindin katanga. Babu kowa. Masarar gonakin da ke kewaye ko motsi ba ta yi. Ajin yana warin sabon fenti. Na maƙala bakin tef a ƙusa kusa da ƙofa, na riƙa ja da baya ina kallon lambobi. Can cikin gari aka tada kiran magariba.

Bakwai. Takwas. Tara.

Bayana bai taɓa bango ba.

Na ce ko tef ɗin ne. Na ƙara taku. Goma. Sha biyu. Sha shida.

Kiran salla ya yanke a tsakiya, kamar an kife masa ƙwarya.

Warin fenti ya tafi. Wani ya maye gurbinsa, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsohuwar toka, da zufar mutane masu yawa da suka daɗe a rufe. Na ɗaga kai. Ƙofar da na shigo ta koma can nesa, ba ta fi kwalin ashana ba.

Sai na ji ƙafafu. Ba takalmi. Suna ja a kan siminti, a jere, suna bin jikin bango. Da wani sauti ƙasa-ƙasa, daidai gwiwa. Ƙwas. Ƙwas. Farce ne a kan bulo, ana laluben inda tsagar take.

Wani jariri ya fara kuka, aka toshe masa baki.

"Mai zane."

Muryar tsohuwa ce, a gefen kunnena. Numfashinta sanyi.

"Ina ka sa mana ƙofa?"

Na buɗe baki in ja Ayatul Kursiyyu. Harshena ya yi nauyi kamar an cika min baki da yashi.

"Yaranmu sun gaji," in ji ta. "Kwana tara."

Na damƙi tef da hannu biyu, na bi shi. Sha biyar. Sha huɗu. Ƙarfensa yana yanka min yatsu. Ƙafafun suka bar bango.

"Ku bi shi. Shi ya san hanya."

Takwas. Shida. Huɗu.

Biyar.

Shida.

Na tsaya. Gaba nake tafiya, lambobin suna hawa.

Wani ɗan hannu ya kama idon sawuna. Bai ja ni ba. Riƙewa kawai ya yi, yadda yaro ke riƙe babba a kasuwa.

"Mahfuz!"

Baba Elisha ne, daga nesa, kamar daga bakin rijiya.

"Saki abin nan! Rufe ido! Muryata za ka bi!"

Na saki. Na rufe. Yana kira, ina rarrafe. Hannayen suka zama biyu, suka zama da yawa, a rigata, a wuyana. Sai wani hannu mai kaushi da ɗumi ya finciko ni, na faɗi a kan yashin waje. Liman har ya kai raka'a ta uku.

Dawowarsa ke nan daga ƙauye, leburori suka gaya masa abin da na sa su. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni.

Washegari da hantsi ya zo da guduma, ya fasa inda tsagar yamma take. Bayan bulo akwai wani bulo. Ya fasa shi. Akwai wani. Bangon da na zana bulo ɗaya ne kaurinsa. Sai da hannunsa ya shige har kafaɗa, sannan ya ajiye guduma ya zauna a ƙasa.

"Sun daina neman hanya," ya ce. "Sun zauna."

Yaya Khairat ta zo da kwalin alli a hannu. Ta saurare mu har ƙarshe. Ta tsaya a bakin ajin, ta zaro alli ɗaya ta jefa ciki. Muka jira. Ba mu ji faɗuwarsa ba.

"Auta," ta ce, "me zan gaya wa yaran?"

Har yau ba a buɗe makarantar ba. Ta koma zaurenta, yara sun koma bakin kwata. Bencinan suna jibge a shagon kafinta.

Ni da ban iya zama wuri ɗaya ba, shekarata biyu ban wuce Tirwun ba. Duk Alhamis da hantsi nakan ɗaura igiya a ƙugu, Baba Elisha ya riƙe, in shiga in auna, ko Allah zai sa ya fara raguwa. Makon jiya igiyar ta ƙare ban kai bango ba.

Kafin mu tafi na leƙa aji na biyu, na ja sabon tef. Tara da rabi.

Daga waje, kowannensu mita tara ne cif.