Notunan da Ke Cikin Gwangwanin Tumatir

Akwai hali guda da na tsana fiye da sata. Shi ne asara ta sami mutum daga Allah, ya ƙi ɗauka, ya shiga waige-waige yana neman wuyan da zai rataya wa. Wannan halin ne ya ci Gora Mbenge a garin Thies, ga kuma yadda aka yi.

Ran Litinin bayan la'asar Gora ya faɗo caji ofis yana huci. Mai manyan motocin dakon gyaɗa ne, kuma da kansa yake tuƙa motarsa a tsere.

"Sufeto, an sace mini inji! Ɓarawon ma na san shi."

Sufeto Bokar Wan bai ɗago daga takardar da yake dubawa ba. "To ai ka gama mana aikin, yallaɓai. Zauna. Wane ne?"

"Latir Ngom, tsohon bakaniken nan na bakin kasuwa."

Sufeto ya san maganar, don ta cika gari. Jiya Lahadi, a kwanar ƙarshe ta filin tsere, Yande 'yar Latir ta daki motar Gora ta baya, motocin biyu suka dagargaje. Tun kafuwar filin, in an yi karo kowa janye tasa yake yi ya je ya gyara. A bana ne Gora ya matsa wa ƙungiyar masu tsere har aka kafa doka cewa mai laifi shi zai biya ɓarna. Ya ƙiyasta tasa sefa miliyan goma sha huɗu, tara daga ciki kuɗin inji. Garejin Latir duka da filinsa bai wuce haka ba. Kwamitin ƙungiyar ya kulle motocin a rumfar fili, sai Laraba a buɗe a duba.

"Me zai yi da injin da ka ce ya fashe?" in ji Sufeto.

"Don kada kwamiti ya ga irin ɓarnar da 'yarsa ta yi mana!"

Sufeto ya ɗauki hularsa.

A rumfar ya tarar an ɓalle kwado. Mai gadi na tsaye yana rantsuwa.

"Wallahi, ranka ya daɗe, tun safe ban matsa daga nan ba."

"To wannan man da ke gaban rigarka, kwadon ne ya ɗiga maka?"

Mai gadi ya dubi ƙirjinsa. Can ya ce, "Shinkafa da kifi ce kawai, a tsallaken titi. An ce wani bawan Allah ya biya mini, sadaka."

"Da shayi?"

"Da shayi."

"Kofi nawa?"

"Haba ranka ya daɗe, ana tashi a bar na uku?"

Shayi uku awa biyu ke nan. Sufeto ya wuce ciki.

Ya daɗe tsaye a gaban motar Gora. Inda inji yake wayam. Amma ko tiyo ɗaya ba a yanka ba. An kwance kowanne, an toshe bakinsa da jan salatif, an kuma lanƙwashe ƙarshen salatif ɗin don ya yi sauƙin ɓarewa. Ko ɗigon mai babu a ƙasa. A kan kujerar direba ga gwangwanin tumatir, notuna a ciki, dogaye gefe guda, gajeru gefe guda, da kwali a tsakani. Kusa da shi ga sifana mai koren fenti a wutsiya.

"Ka gani!" in ji Gora. "Koren fenti. Duk garin nan an san na Latir ne."

"Na gani," in ji Sufeto. Ya ɗauki sifanar, ya ɗauki gwangwanin a hankali don kada notunan su gauraya.

Da safiyar Talata ya isa garejin Latir. Tsohon na zaune kan taya yana wanke wani ƙarfe da fetur. Latir ɗan ƙabilar Serer ne, Sufeto kuwa Bafillace, taubasai tun kakanni.

"A'a, ga bawana ya zo gaisuwa," in ji Latir. "Ina nonon da ka kawo wa ubangidanka?"

"Ankwa na kawo maka, Baba Latir. An ce a bana Serer sun bar satar gero sun koma inji."

"Miƙo ankwar. Ka ga hannun nan? Shekara arba'in yana kwance inji, bai taɓa kwance na wani ba sai mai shi na tsaye."

Sufeto ya nuna masa sifanar.

"Tawa ce. Biran, bakaniken Gora, ya are ta ran Lahadi da safe. A fili ba a hana kayan aiki, ko mutum maƙiyinka ne. Ko wannan ma sun kafa masa doka?"

"Gora ya ce in ka sa masa hannu a kan garejin nan zai janye ƙarar sata."

Latir ya ajiye ƙarfen. "Ka gaya masa ko sefa biyar ba zai gani ba. Sau uku ana farfasa mini mota a filin nan, ban kai kowa ƙara ba. Wanda ke tsoron kuɗinsa ya zauna gida ya yi kiwon kaji. In talaka zai shiga kwana yana lissafin farashin motar mai kuɗi, to an gama tsere, sai a miƙa musu kofi tun daga gida. Na faɗa a taro, na faɗa yanzu, zan faɗa a gaban alƙali."

Yande ta fito daga ciki, hannunta na hagu a ɗaure.

"Kawu Sufeto, na gaya wa kwamiti sun ƙi ji. Zagaye biyu motarsa na hayaƙi. Da muka shiga kwana sai kawai ta tsaya a gabana. Fitilar burki ba ta kama ba. Na taka nawa, tayata ta sulɓe."

"Me suka ce?"

"Wai wanda ya daki baya shi ne mai laifi."

Daga nan Sufeto ya koma filin shi kaɗai. Ya sami inda aka yi karon, ga fasassun gilasai. Ya juya yana bin kwalta baya-baya. Wani layin baƙin mai ya bushe a kanta. Ya ƙirga taku sittin da uku daga gilasan zuwa inda man ya fara. Motar Gora ta soma zubar da mai tun kafin a taɓa ta.

Da azahar ya shiga garejin Gora da 'yan sanda biyu. Gora na zaune a inuwa yana waya. Biran, wani siriri mai furfura, yana aiki a kan wata mota. Sufeto ya leƙa. Tiyo uku a kwance, kowanne da jan salatif mai lanƙwasasshen baki.

"Biran, ina kake jiya tsakanin ƙarfe biyu da huɗu?"

"Ina nan, ranka ya daɗe."

"Muna tare," in ji Gora. "Ka kama tsohon ko kuwa?"

"Saura kaɗan. Na kawo muku kayanku ne."

Sufeto ya fito da gwangwanin tumatir. Ya zare kwalin tsakiya, ya girgiza, ya karkata shi zai juye a cikin yashi.

"Kai, kai, kada ka zubar!" Biran ya yi tsalle ya tara hannu. "Sai da na wanke su na jera, dogayen na sama ne..."

Ya tsaya.

"Ka wanke su," in ji Sufeto. "Yaushe? Tun Lahadi motar na kulle."

Biran ya dubi ubangidansa, ya dubi ƙasa.

"Na shekara ashirin ina bin ɓarayin mota," in ji Sufeto. "Yanka suke yi, su fizge, su gudu. Ban taɓa ganin wanda ya toshe tiyo don kada yashi ya shiga ba. Mai yin haka yana da niyyar dawowa ya ɗaura wani injin. Motar ce ta ba ka tausayi, Biran."

Biran ya zauna a kan akwatin kayan aiki. "Ni na haɗa ta da hannuna, ranka ya daɗe. Ba zan iya yanka ta ba. Maigida ya ce in yi sauri, na ce sai dai ya kore ni."

"Rufe mini baki!" in ji Gora.

"Na rufe tun Juma'a, me ya amfana? Na gaya maka injin nan ya gaji, ba zai kai ƙarshe ba, ka ce ba ka son surutu." Ya juya ga Sufeto. "Da an buɗe shi ran Laraba, ko makaho zai san daga ciki ya fashe. Yana sito, ƙarƙashin buhunan gyaɗa. Ni na biya wa mai gadi abinci. Sifanar kuwa maigida ne ya ajiye ta a motar, ni na so in mayar wa Baba Latir abarsa."

Aka ɗage buhu goma sha biyu. Ga injin a kan katako, da rami a gefensa wanda dunƙulen hannu zai shiga, bakin ƙarfen ya tanƙwaro waje.

Gora bai sunkuyar da kai ba. "To, ni na sa. Sai me? Miliyan nawa na zuba a filin nan? Kwaltar da suke gudu a kai wa ya gyara? In yi asarar tara, tsohon nan ya koma gida yana dariya?"

"Ba dariya yake ba, yallaɓai, 'yarsa ta karye. Kawo hannunka."

Aka sa masa ankwa a gaban direbobinsa.

Ran Laraba kwamiti ya zauna. Da dokar da Gora ya kawo aka yanke cewa shi ne mai laifi, tunda ya ga hayaƙi ya ƙi fita daga fili, ya kuma malale kwana da mai. Aka ce a biya Latir miliyan uku daga dukiyarsa. Latir ya miƙe.

"Ban yarda da dokar nan ba sa'ad da take wuyana, ba zan yarda da ita ba don ta koma wuyan wani. Ku riƙe kuɗinku. Motata ni zan gyara."

Sufeto na tsaye a bakin ƙofa. "Miliyan uku, Baba Latir. Ashe Serer na ƙoshi?"

"Bawa bai san wannan ba. Wuce ka riƙe mini jaka."

A zaman nan aka soke dokar, mutum biyu kacal suka ƙi ɗaga hannu.

Ga asarar da Gora ya tashi da ita. Injin miliyan tara, wanda da ma ya mutu. Gyaran jikin mota miliyan biyar, daga aljihunsa. Wata takwas a gidan kaso saboda ƙarar ƙarya da ɓalle kwadon ƙungiya. Shekara biyar ba shi ba filin tsere. Sai Biran, wanda ya yi masa aiki shekara goma sha bakwai. Alƙali ya ci Biran tara ya sallame shi, shi kuma ya ɗauki akwatinsa da jan salatif ɗinsa ya koma garejin Latir.