Murfin Zarto

Sau ɗaya tak wata tsohuwa, maƙwabciyar wani kafinta, ta ji ƙara a daren, kamar an buga ƙararrawar da ta tsage. Da safe aka tarar da kafintan kwance a ɗakinsa, kai a fashe.

Sufeto ya tsuguna gefen gawar. Hannun rigarsa na dama a lanƙwashe yake, an danne da fil. Kusa da ƙofa akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe, duk jini.

"Menene wannan, Baba?"

"Murfin zarton masana'antar katako ne," in ji maƙwabciyar. "Mai gidansu ya cire don aiki ya yi sauri, zarton ya cinye hannun bawan Allah. Da shi ya yi shaida a kotu. Kullum sai ya goge shi kamar madubi."

A kotu, magatakarda ya buɗe wa Sufeto fayil. Alƙali ya yanke diyyar hannu, ya ƙara ninki goma don horo.

"Mai masana'antar ya zo shari'ar?"

"Ko sau ɗaya. Lauya yake turowa. Jibi wa'adin biya ke cika."

A masana'antar, zarton na ta ihu tsirara, ba murfi. Mai gidan ya miƙo takarda yana murmushi.

"Ai mun sasanta, ranka ya daɗe. Jiya kafintan ya zo nan ya yafe kuɗin horon. Ga dangwalensa."

Sufeto ya daɗe yana kallon shuɗin tambarin yatsan. Sai ya ga kamar ƙaramin ido ne ke kallonsa.

"A gabanka ya dangwala?"

"A kan teburin nan."

"Da wane hannu?"

"Da dama mana, kamar kowa."

"To zartonka wanne ya ci?"

Murmushin ya bushe. Sufeto ya kamo hannunsa ya juya. Akwai sauran shuɗin tawada a ƙarƙashin farcen babban yatsa.

"Roƙonsa na je yi," ya ce da kyar. "Na ce ya karɓi na hannun, ya bar na horon. Ya ce ba kuɗin yake so ba, so yake in ji zafi. Sai ya miƙo min murfin, ni kuwa na rafka masa shi a ka. Wallahi ban taɓa kallon hannun nan da zarton ya ci ba."

Aka sa masa ankwa.

Da yamma Sufeto ya koma ya ɗauki murfin. Maƙwabciyar ta biyo shi da 'yan sandansa har bakin mota.

"Ɗana, yaran da ke kan zarton nan fa? An sa musu wani murfin?"