Takobin Malam Awaisu

Ranar da Awaisu ya fara shiga shagon Alhaji Babatunde a kasuwar Funtua, kwana uku ke nan da sace mutum huɗu a gonakin yamma da gari. Duk baƙuwar fuska sai an dube ta sau biyu.

Shagon na kayan lantarki ne, kuma 'yar Alhajin, Fathia, ita ke tsaron sa. A Funtua aka haife ta, Hausa ta fi Yarbanci zama a bakinta.

"Tsofaffin batiran kwamfuta nake nema, da waya da makunni," in ji shi.

Ta ɗago ta dube shi. "Me za a yi da su, Malam?"

Ya zaro wani bututun roba garai-garai mai mariƙin katako. Ya ce shi malamin firamare ne a Ƙarfi, ɗalibansa za su yi wasan kwaikwayo a ƙarshen zango, yana so takobin jarumin ya riƙa haske.

"Tsohon batir bai dace da hannun yara ba," ta ce. "Wani ya kumbura, in ya ɗau zafi wuta yake kamawa. Ɗauki sababbi biyu masu caji, da ɗan allon nan da zai ɗaga wutar zuwa volt biyar, ya kuma yanke in caji ya cika. Igiyar LED mai volt biyar ta ishe ka. Mai sha biyu sai ka ƙara batir, takobin ya yi wa yaro nauyi."

Awaisu bai kama rabin bayanin ba, hankalinsa yana kan mai yin sa. Ya roƙi lambarta, wai ko zai rikice wajen haɗawa.

Washegari saƙonsa ya shigo: "Injiniyata, jar waya ina za ta? Tun jiya kaina ya ɗaure, kuma ba laifin wayar ba ne."

Ta amsa: "Ja ta bi alamar tarawa, Malamina. Sauran ɗaurewar kan ka kawo ta ranar Asabar mu duba."

Asabar huɗu a jere yana zuwa. Duk zuwan nan a kan idon Kamalu ne, mai rumfar cajin waya a ƙofar shagon, wanda ya taɓa neman Fathia ta ce masa a'a. A kwanakin, raɗe-raɗi ya cika gari cewa akwai masu kai wa mutanen daji batir da fitilu a ɓoye. Kamalu ya sami Alhaji ya ce, "Ka lura da malamin nan. Wane wasan yara ne yake cin batir da waya haka?"

Alhaji ya kira 'yarsa. "Shekara talatin ina garin nan ba a taɓa nuna ni da yatsa ba. In aka ce daga shagona kaya ke tafiya daji, ba shagon kaɗai za a ƙone ba. Kada in sake ganin sa."

"Baba, wallahi takobin wasa ne."

"Na gama magana."

Ta rubuta wa Awaisu duk abin da ya faru. A ranar ya riga ya karɓi sauran kayansa ya kama hanyar Ƙarfi, amsa kuwa ba ta zo ba. Ta kira, waya a kashe. Ta yi kuka, a zatonta maganar Baba ce ta kore shi.

Da hantsin washegari ƙanwarsa Sabuwa ta kira ta. 'Yan sintirin wani ƙauye kafin Ƙarfi sun tare shi tun jiya, sun ga batir da wayoyi a jakarsa. Wani ya riga ya buga musu waya daga Funtua ya ba su kamanninsa. Yanzu jama'a sun fara taruwa.

Fathia ta durƙusa gaban mahaifinta. "Ni na zaɓa masa kayan nan ɗaya bayan ɗaya. In suka kashe shi, Baba, da hannuna a ciki."

Alhaji ya miƙe tsaye. Ya ɗauki makullin mota.

Sun tarar da Awaisu zaune a ƙasa gindin darbejiya, hannu a ɗaure, leɓe a fashe. Maza sun kewaye shi da gora da adduna. An baje kayansa a kan buhu.

"A ba ni minti goma," Fathia ta ce da shugabansu, Almustapha.

"In abin ya fashe fa?" in ji shi.

"Ni ce mafi kusa da shi."

Mutane suka ja baya. Ta tsuguna ta jera batiran, ta murɗa wayoyin ta naɗe da salatif, ta zura igiyar cikin bututun. Ta danna makunni, babu komai. Wani ya gyara riƙon gorarsa. Ta duba, ashe baƙar wayar ce ta zame. Ta mayar, ta sake dannawa.

Shuɗin haske ya bi bututun tun daga mariƙi har tsini.

Almustapha ya karɓa ya jujjuya, ya ƙwanƙwasa a tafinsa. "Roba ce," ya ce, ya sa aka kwance Awaisu.

A mota Alhaji ya miƙa wa Awaisu ruwa. "Ka yafe mini, Malam. Ka turo manyanka."

Kamalu bai kai ƙarshen wata a kasuwar ba, don lambarsa ce aka gani a wayar Almustapha, shi ne ya buga ya ba da kamannin Awaisu.

Bayan girbin masara aka ɗaura aure a Funtua. Da aka kai amarya Ƙarfi, Hajo, mahaifiyar Awaisu, ta riƙe hannun Fathia ta ƙi saki.

"Ke kika dawo mini da ɗana da ransa," ta ce. "Allah Ya tsare ku daga sharrin baki, Ya ba ku zuri'a mai albarka."

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin.