Muryar Da Ta Makara

Auta ta ajiye wayar a kan teburin Dogo da ƙarfi, har igiyoyin kyamara suka zube ƙasa.

"Kalla. Kalla da idonka, kada ka ce sharri aka yi maka."

Saura sati biyu aurensu. Dogo mai ɗaukar bidiyon taro ne, kuma wata guda ke nan yana zarya shagon kayan lantarki, wai yana neman akwatin da zai haɗa masa kyamara biyu, ya riƙa sauya hoto daga wannan zuwa waccan. Masu kyau sun fi ƙarfin aljihunsa, masu araha kuwa ko su dusashe fuska ko su shaƙe murya. Abin da bai taɓa faɗa mata ba shi ne mai shagon budurwa ce, fara, mai wushirya.

Ita ce ma ta turo wa Auta bidiyon da aka ɗauka a shagon, ko sallama babu.

Da farko hoton Auta ne ya fito, wanda Dogo ke yawo da shi a aljihu, an jingina shi da kwali. Shiru. Sai hoto ya sauya zuwa fuskar mai shago tana murmushi, muryar Dogo ta sauka a kanta:

"Ke ce hasken idona..."

Gwaggon Auta ta riga ta gani, ta ce dama ta faɗa, mutumin da sana'arsa leƙa fuskar mata ba miji ba ne. A mayar masa da kayansa.

"Wato jera mu ka yi ka zaɓa," in ji Auta. "Ni ka wuce ni shiru kamar allon talla."

Dogo bai rantse ba, bai roƙa ba. Ya mayar da bidiyon can farko, inda hannuwansa suka shigo gaban kyamara suka tafa. Ya ce ta ƙirga.

Ɗaya... biyu... uku... sannan ƙarar tafin ta iso.

Ya ce ciwon wannan akwatin ke nan, hoto ya riga murya da daƙiƙa uku, shi ya sa ya bar musu kayansu. Kyamara ɗaya ya saita kan hotonta, ɗayar kan mai shago, don gwaji kawai.

Auta ta fizge wayar. Daga inda muryar ta fara ta ja baya da yatsa, tana ƙirgawa a hankali. Daƙiƙa ukun suka ajiye ta a kan hotonta ita Auta. Ta sake. Ta kuma sakewa. Kunya ta kama ta, amma kishin bai gama sauka ba.

"To ita murmushin me take yi?"

"Ciniki take nema, Gimbiyata."

"Ta kuwa samu," in ji Auta.

Washegari da hantsi Auta ta shiga shagon da kanta, Dogo na biye da jakar kyamara. Akwati huɗu ta sa aka fito da su. Kowanne sai ta tsaya gaban kyamara ta tafa, tana kallon mai shago ido cikin ido. Na huɗun, ƙarami mai araha, ya kawo tafi da ƙara tare, kalar mayafinta ma ba ta canza ba.

Ta gyara tsayuwa, ta ce wa Dogo ya maimaita maganar nan.

Ya maimaita. A allon, muryar ta faɗa daidai kan fuskarta.

"Ƙanwata, naɗe mana wannan," in ji Auta. "Bidiyon kuma zan turo miki, ki ajiye kusa da wancan."