Kwamfutar Baba Ta Canza Fuska

Ƙafafunsa ta fara gani. Auta ta shigo ofishin zanen gine-gine na mahaifinta, sai ga takalma biyu sun leƙo daga ƙarƙashin teburinta, saura ƙiris ta taka su.

"Bawan Allah, lafiya?"

Ya fito da wayar wuta a hannu, gilashinsa ya karkace. "Mai gyaran kwamfuta ne, ranki ya daɗe. Taki ce ba lafiya."

Tun daga ranar kwamfutar Auta ta zama mai laulayi, yau ciwo gobe lafiya, ba wanda ya san dalili sai mai ita. Ta laƙaba masa Gilashi, shi kuwa Madubina yake ce mata.

Wata rana ya nuna mata abin da yake yi in ya tashi aiki. Shi da wasu mutane a ƙasashe daban-daban suna gina fuskar kwamfuta, wato tagogi da maɓallan da mutum ke gani a allo. Kowa na iya ɗauka kyauta, ya gyara yadda yake so. Yana bayani idonsa na ƙyalli, ita kuwa rabin maganar bai shiga kunnenta ba, shi take kallo.

Da maganar aure ta taso, Baba ne ya ce atafau.

"Mutumin da ke raba guminsa a banza, da me zai riƙe iyali? Ga yaron kirki can, wakilin kamfanin da muke sayen manhajarsa."

Har aikenta ya yi a motar wakilin. Gilashi ya hango su, ya ɗauke ƙafa. Abin ya yi wa Auta ciwo ƙwarai, ta tura masa saƙo:

"Gilashina, mota ce ta ɗauke ni, zuciyata tana nan inda ka bar ta. In fushi kake, zo ka yi shi a gabana."

Amsa ta zo: "Madubina, ba fushi ba ne, tsoro ne. Ni ko kekena na aro ne."

Ana cikin haka sai kamfanin ya ajiye tsohuwar fuskar manhajarsa mai ruwan toka, ya ɗauko ta su Gilashi ya ɗora. Wakili ya zo yana ta baza ƙamshi, ya sa wa kowace kwamfuta sabuwar, ya kama gabansa.

Baba ya zauna ya zuba wa allo ido. Auta ce kaɗai ta san hannunsa ya soma rawa. Tsohuwar fuskar ya haddace ta, shi ya sa asirinsa ya rufu. Yanzu komai ya canza wuri, in ya nufi maɓalli sai 'yar kibiyar da ake nuni da ita a allo ta zarce. Ta ji shi yana cewa ƙasa-ƙasa, "Ƙila lokacin zaman gida ya yi."

Nan take ta kira Gilashi, ta faɗa masa komai.

Bai shiga wurin Baba ba sai da ma'aikata suka fita cin abincin rana. Ya gaishe shi, ya ja kujera.

"Baba, a ba ni izini in ɗan taɓa wani abu."

Ya ƙara girman maɓallan, ya rage gudun kibiyar, ya kunna wani tsari mai kwantar da rawar hannu. "Bismilla, a gwada."

Baba ya ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ya fito sambal. Ya sake jan wani, har ya fitar da ɗaki da ƙofarsa.

"Kamfanin nan dai sun yi tunani," in ji shi.

"Baba, wannan ɓangaren shi ya rubuta," Auta ta yi caraf.

Gilashi ya sunkuyar da kai. "Ni da wasu ne. Saboda mahaifiyata na fara, ita ma hannunta haka yake."

Baba ya daɗe yana kallon zanen. "Ka faɗa wa yaran ofis?"

"Me zan faɗa musu, Baba? Gyaran kwamfuta na zo yi."

Tsohon ya cire hula ya shafa kai, ya juya wurin 'yarsa. "Ke Auta, tsayuwar me kike mana a ka? Kawo wa mutum ruwa." Tana bakin ƙofa ta ji ya ce, "Yaro, gyaran naka yana ciyar da kai?"

"Alhamdu lillahi, har da mahaifiyata."

"To, ka ce wa manyanka ina son ganinsu."

Auta ta zuba ruwa har ya malala a ƙasa ba ta sani ba, daɗi ya cika ta.

Ranar auren, Baba ya kamo hannun ango da nasa mai rawar, ya ɗora a kan na amarya, bai damu da wa ke gani ba.

"Yadda ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naku. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai tausayi."

Jama'a suka amsa da amin, ta Auta ta fi ta kowa ƙarfi.