Yatsan Aro

A gonar dawa aka tsinci gawar, gefen hanyar Fulatan zuwa Rogo. Sara ɗaya ne a ƙeya. Agogo na nan, waya na nan. Jakar kwamfuta ce babu.

Sufeto Lukumanu ya zaro katin aiki daga aljihun mamacin. Zaharaddini Sulle, injiniya. Ya ce a lulluɓe shi.

Wani ƙaramin bankin manoma a Karaye ne ya ɗauko shi daga Kano. Manajar bankin, Hajiya Nuriyya, ta yi bayani idonta jajur.

"Tsohuwar kwamfutarmu ta gaji, Sufeto. Kwashe asusun mutane yake yi zuwa sabon tsari, wanda komai ta waya ake yi."

"Da me sabon ya fi tsohon?"

"Tsohon, yatsa ɗaya ko sau goma aka dangwala masa karɓa yake. Sabon kuwa gwada yatsu yake da juna. Mutum ɗaya, asusu ɗaya. Shekaranjiya ya ƙi karɓar asusu arba'in da uku, duk na Fulatan. Jiya Zaharaddini ya ce bari ya je ya gani da idonsa."

"Wa ke muku aiki a can?"

"Ɗanmaliki, wakilinmu."

Ta miƙa masa takardar sunayen.

A Fulatan Sufeto ya sami Ɗanmaliki a bakin shagonsa, babban yatsansa na dama naɗe da tsumma.

"Sannu da zuwa, yallaɓai. Injiniya? Wallahi ban sa shi a ido ba."

"Me ya sami hannun?"

"Salansar babur ce."

Salansa dai ƙafa take ƙonawa.

Sunan farko a takardar na wata tsohuwa ce, Tasalla. Ya tarar da ita a zaure tana ɓarar gyaɗa. Suka gaisa, har gajiya da gida. Ya tambaye ta ko injiniyan ya zo.

"Ya zo, ɗan nan. Har ruwa na ba shi. Ya ce in sa yatsa a abin nasu, ya ƙi ni. Na ce ai dama."

Ta buɗe hannu. Yatsun sumul kamar bayan ƙwarya.

"Fartanya da gyaɗa sun cinye zanen. Ranar rajista ma haka ya ƙi mu, mu tsofaffi. Ɗanmaliki ya ce kar mu wahala, ya dangwala mana nasa. Ni da malam Hamma maigidana, Allah ya jiƙansa."

"Yaushe ya rasu, Iya?"

"Damina uku ke nan."

Sufeto ya dubi takardar. Ranar Litinin ɗin nan Hamma ya ciri kuɗi.

"Baƙon fa, ina ya yi?"

"Ɗanmaliki ya goya shi a babur bayan la'asar. Yaron kirki."

Washegari da hantsi Sufeto ya dawo da Manaja da na'urar ɗaukar yatsa. A kan teburin shagon aka ajiye ta. Mutane suka taru a ƙofa.

"Dangwala."

"Yallaɓai, ai ya ƙone."

"Saura tara."

Ɗanmaliki ya tsaya yana kallon na'urar. Kofur ɗin da suka zo da shi ya kama masa manuniya ya danna. Sunaye shida suka fito. Na biyu Hamma ne.

Ɗanmaliki ya zauna a ƙasa.

"Da taimako na fara, Allah ne shaidata. Da tsofaffin suka fara mutuwa, ba wanda ya zo tambaya. Sai na taɓa kuɗinsu. Daga nan na kasa dainawa."

"Injiniyan?"

"Na roƙe shi. Na ce ya bar mana tsohon tsarin ko wata ɗaya in gyara. Ya ce ba a hannunsa abin yake ba, na'ura ba ta jin roƙo. Addar da jakar suna rijiyar bayan gidanmu."

Aka saka masa ankwa.

Tasalla ta kutso cikin taron, ta riƙe gefen motar.

"Ɗan nan, in kun tafi da shi, wa zai ciro min kuɗina? Bankin hannunsa ya sani, bai san nawa ba."

Sufeto ya dubi Manaja. Ta sunkuyar da kai.

A hankali ya janye yatsun tsohuwar daga jikin motar, ya rufe ƙofa.